Jarkar Sukarin da Dogo Ya Kawo

Dogo, kai ka kashe min miji. Ban ce da wuƙa ba, ban ce da gangan ba, amma kai ne. Ka sani, na sani, wanda ya halicce mu ya sani. Kuma yanzu ka koma gefe ka naɗe hannu, ka bar 'yata da kayan da ba ita ta ɗaura ba.

Masu karatu, ku yi haƙuri na fara da zafi. Ni ban yi boko ba, ban iya jera zance irin na littafi ba. Ƙanwata ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana dannawa, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta min ko kalma ɗaya. Na daɗe ina jin 'yan mata suna kawo kukan samarinsu a wannan shafi. To yau tsohuwa ce ta zo, saurayin kuma na Autata ne.

Maigidana mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, in ka shiga sai ka karkata, ko'ina kawunan keke ne da warin mai. Mutum ne mai son zaƙi kamar tururuwa. Tun Auta tana sakandare ciwon suga ya kama shi, likita ya ce daga yau an gama. Daga ranar na zama abokiyar gabarsa a gidan. Gwangwanin sukari a ƙasan akwatin zannuwana nake ɓoye shi. In ya ji takuna sai ya ce, "Ga Gwamnati nan ta zo bincike." Sunan ya bi ni har maƙwabta. Da safe in na miƙa masa shayi salam, zai kurɓa, ya yamutse fuska, ya ce, "Wannan ai hukunci ne, ba shayi ba."

Wata safiya Auta tana ɗaura igiyar takalmin makaranta ta ɗago ta ce, "Baba, ni zan yi maka sukarin da ba zai cuce ka ba."

Ya yi dariya har ya ƙware. "To ki yi sauri, kafin Gwamnati ta ƙarasa ni."

Ashe yarinyar ba wasa take ba. Ta yi karatu har idonta ya koma sai da gilashi. Da ta gama, wani kamfani a bakin gari ya ɗauke ta. Ran da ta zo da labarin aikinta, mahaifinta ya zaunar da ita a kan tabarma, ya ce a yi masa bayani yadda mai gyaran keke zai gane.

"Baba, wasu halittu nake renowa. Bakteriya. Ido ba ya ganinsu. Ina ba su abinci, ina kula kada su ji sanyi ko zafi ya yi musu yawa."

"Au, ashe kiwo kike yi. Duk wannan kuɗin makarantar, makiyayiya na haifa."

"Kusan haka ne."

"To garken da ba a gani, me ake tatsa?"

"Akwai wani abu a jikinsu, sunansa enzayim. Shi muke cirewa mu zuba a ruwan sukarin da aka yi da masara. Sai ya juya shi ya zama wani sukari daban, irin wanda a duniya ɗan kaɗan ne. Ga zaƙi a baki, amma ba ya ɗaga wa mutum suga. Masu biskit da masu lemon kwalba duk shi suke jira."

Ya juyo ya dube ni, idonsa na ƙyalli. "Gwamnati, mulkinki ya kusa ƙarewa."

A kamfanin ta haɗu da Dogo. Shi ba ya shiga ɗakin da take aiki, a ɓangaren talla yake, shi ke zagaya kamfanonin abinci yana yi musu daɗin baki. Dogo ne kamar sunan da maigidana ya laƙaba masa, takalmi na sheƙi, agogo fal hannu, turarensa na riga shi shigowa. Kuma ba ya iya ƙaramin abu. In lemo zai kawo, buhu ne. In sabulu ne, katon ne. Na taɓa ce masa, "Ɗana, mu uku ne fa a gidan." Ya ce, "Umma, hannun da ya shigo gidan surukai ai bai kamata ya yi sauƙi ba." Maigidana ya so shi sosai. Sukan zauna a falo su yi ta gardamar ƙwallo, Auta na leƙowa daga kicin tana murmushi ita kaɗai. Ni ma ban ƙi shi ba, ba zan yi ƙarya ba. Manya suka shiga, aka tsayar da lokacin biki.

Sai kamfanin ya tura Auta wani gari mai nisa ƙaro ilimi, na wasu watanni. Tana can aka gama tace sukarin farko daga abin da ta bari. Ta turo min saƙon murya, tana haki kamar wadda ta yi gudu:

"Umma! Ya fito, Umma! An ce kowa a cikinmu zai samu ɗan kaɗan ya kai gida. Na ce wa Dogo ya karɓi rabona ya kawo wa Baba. Rabin cokali a shayi, kada ya wuce. Ki gaya min yadda fuskarsa ta yi."

Da la'asar sai ga Dogo yana hawo matakala yana nishi, hannun rigarsa a naɗe, rungume da wata farar jarka. Ya dire ta a tsakiyar falo. A ciki wani ruwa ne mai kauri, launin ruwan zuma.

Na ce, "Wannan duka? Ita ta ce ɗan kaɗan ne."

Ku saurari amsarsa, don da kunnen nan nawa na ji, kuma ban tsufa a kunne ba.

"Umma, ba ki ga abin da suka miƙo min ba. Wani ɗan farin gari a kwalba kamar ta maganin ido. In shigo wa Baba da wannan a aljihu? Ina! Na sauka ƙasa wajen babban tanki da kaina, na sa mai kula da inji ya cika min. Duk abu ɗaya ne, wancan busar da shi kawai aka yi."

"Ta ce rabin cokali."

Maigidana ya riga ya kwance murfi, ya tsoma yatsa. Ya kai baki ya rufe ido. Jama'a, shekara da shekaru ban ga wannan fuskar ba. Hawaye ya gangaro masa har gemu.

"Gwamnati, ki bar mutum ya sha gumin 'yarsa."

Dogo na fita ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya. "Umma, kada a gaya mata yawansa. A wurin aiki ba a son a ɗiba daga tanki, kin san ta da tsoro, sai ta kasa karatu."

Za ku ce me ya hana ni hanawa. Mutumin da ke shiga kamfanin kullum, mai sayar da abin da bakinsa, ya dube ni ya ce abu ɗaya ne. Ni wace ce da zan ce a'a? Ko sunan abin ban iya faɗa daidai ba.

Maigidana ya zama yaro. A shayi, a kan burodi, a ruwan sanyi. Ya ɗura a wata kwalba ya tafi da ita shago. Duk telan da ya kawo gyara sai ya ɗiga masa a tafin hannu. "Lasa ka ji. 'Yata ce ta yi. Shanunta ba a ganinsu, amma ka ji nononsu." In Auta ta kira ta ce, "Baba, ya zaƙin?" sai ya ce, "Zuma ta ji kunya." Ita kuma ta yi ta dariya a can, har muryarta na rawa. Abin gwada suga da yake soka yatsa da shi ya tura can bayan rediyo. Na yi magana, ya ce, "Me zan gwada? Maganin ai a jarka yake."

Sai ya fara shan ruwa kamar raƙumi. Banɗaki kuwa kamar ya tare a can. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce mu je asibiti, ya ce zafin gari ne. Na ga yana laluben kafar allura ya kasa zura zare, mutumin da yake yi ido rufe, ya ce gilashinsa ne ya tsufa. Na san abin da yake gudu. Kada likita ya ce ya daina shan abin 'yarsa.

Wata rana da azahar mai aski na kusa da shagonsa ya kira ni. "Ki zo yanzu." Na tarar da shi kife a kan wani keke da ya buɗe wa ciki, sukundireba na hannunsa. A asibiti na'urarsu ta kasa faɗin yawan sugan, ta wuce inda take iya ƙirgawa. Suka ce ƙoda ta taɓu. Auta ta baro karatu ta taho. Ta same shi da robobi a hanci da hannu. Ta kira "Baba" har muryarta ta dashe, bai san ta zo ba. Bai sake sanin kowa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mutane sun ragu, tana share kicin ta ci karo da jarkar a bayan ƙofa, saura kaɗan a gindinta.

"Umma, mene ne wannan?"

"Sukarinki ne. Wanda Dogo ya kawo."

Ta buɗe ta shinshina. Ta lasa. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Ta zame ta zauna a ƙasa, cikin dattin da ta tara.

"Wannan Baba yake sha?"

"Safe da yamma."

"Umma, wannan ba a gama shi ba." Muryarta ta koma ta wata daban. "Enzayim ba ya juya sukarin duka. Kaɗan yake juyawa ya tsaya, ko me za a yi masa. Sauran duk sukarin da kika sani ne, wanda kike ɓoyewa a akwati. Sai an bi an tace, an raba su, an busar, sannan a samu ɗan farin garin nan. Shi ya sa ba shi da yawa. Wanda ke cikin tanki..." Ta rungume jarkar ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

Na gaya mata komai, yadda Dogo ya ce, yadda ya tsaya a ƙofa ya ce a ɓoye mata. Na ɗauka za ta miƙe ta cire zobensa. Ba ta cire ba.

Dogo kuwa wurin makoki ba wanda ya kai shi kuka. Farar riga, baƙin gilashi, shi ke shimfiɗa wa baƙi tabarma, shi ke raka su mota. Kowa na cewa marigayi ya yi dacen suruki. Da yamma Auta ta ja shi baranda. Tagar ɗakina a nan take, ina zaune a bakin gado.

"Me ya sa ba ka kawo kwalbar da aka ba ka ba?"

"Ni alheri na yi niyya, wallahi. Ke kin taɓa zaunar da ni kin bayyana min bambancin? Kullum sai ki ce aikinku ba na 'yan talla ba ne."

"Ina kwalbar?"

"Tana mota... ban sani ba. Ki saurare ni. Mai injin nan ya fara surutu, an lura an ɗibi tanki. In aka ce ni ne, kora ce, har kotu. Wa zai sake ɗaukata? Da me zan riƙe ki? Ke kuwa suna ji da ke, iyaka su yi miki faɗa. Kuma ai ke kika aike ni."

Sai ya sassauta murya.

"In kina sona, ki ce ke kika ce in ɗiba. Magana ɗaya ce."

Na miƙe zan fita. Kafin in kai ƙofa na ji takunsa a matakala.

Ta kuwa faɗa. Da aka kira ta daga wurin aiki, ina tsaye a kanta ta ce, "Ni na ce masa ya ɗiba daga tanki." Aka ce ta zauna a gida sai an neme ta. Magana ba ta da ƙafa amma ta fi mota gudu. Kafin mako ya zagayo dangi duk sun ji cewa Auta ta haɗa wani abu a wurin aiki ta aiko wa ubanta ya sha ya mutu. Gwaggonta, ƙanwar marigayi, ta zo gaisuwa, Auta ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Ta dubi kofin ta kau da kai. "Ajiye, na sha a gida. Ilimin da ya ci uba ai ba ya barin gwaggo." A gabana. Yarinyar ta ajiye kofin a hankali ta koma ɗaki.

Sai ga Baffanta, wan maigidana, ya zo ya zauna a kujerar marigayi, ya ce yana da magana.

"Abin da ya faru ƙaddara ce. A rufe zancen nan. Yaron nan ya nuna halin girma, duk da abin da ake faɗa a kan yarinyar bai ce ya fasa ba. Wa zai ɗauke ta yanzu in ba shi ba? Lokacin da aka sa yana nan."

Na ce, "Yaya, ƙaddara ce ta naɗe hannun riga ta hawo matakala da jarka?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara talatin a gidan nan. Mai hana ni magana ya tafi."

"Ita da bakinta ta amsa. Ke wa ya aike ki?"

"Ni na haife ta. Na san lokacin da take ƙarya tun tana satar nama a tukunya."

Ya kaɗe rigarsa ya fita, yana cewa baƙin ciki ya taɓa min kai.

Na shiga ɗakinta. Labule a sake da rana tsaka, littattafanta a jibge an juya musu baya. Tana kwance ta fuskanci bango, wayarta a ƙarƙashin kumatu. Tun rasuwar ba ta sa wani abu mai zaƙi a baki ba, ko ayaba aka kawo sai ta tashi daga wurin.

Na ce, "Tashi ki dube ni. Me ya sa?"

"Umma, ki bari."

"Ba zan bari ba. Me ya sa za ki ɗauki gawar ubanki ki ɗora a kanki, alhali ba ke ba ce?"

"To wace ce? Wa ya yi masa alkawari? Shekara nawa yana haƙuri da shayinsa, yana lafiya. Da ban ce zan yi masa sukari ba, da bai buɗe baki ya sha ba. Da sunana ya sha, Umma."

"Da sunanki aka yaudare shi. Ba ɗaya ba ne."

Ta juyo, fuskarta duk ta kumbura. "Baba ya tafi. In Dogo ma ya tafi, me ya rage min? Ina son shi, Umma. Na san abin da ya yi, kuma ina son shi. Ya zan yi da raina?"

Na zauna na ɗora kanta a cinyata kamar tana goye. Ina shafa gashinta wayar ta yi ƙara, ta zabura ta duba, ta ɓoye fuskar wayar a ƙirji. Shi ne. Kullum sai ya turo mata hoton fure da zuciya, ƙanwata ta gani. Ni ma yana turo min, da muryarsa mai laushi: "Umma, barka da asuba, ya ƙarin haƙuri? Me ake buƙata a gida in kawo?"

Na danna wurin ɗaukar murya na riƙe na ce, "Gaskiya ake buƙata. Ka kawo ta, ko 'yar kaɗan ce."

Ƙanwata ta ce alama ta nuna ya saurara. Bai amsa ba. Washegari ya aiko direba da buhun shinkafa da katon na madara. Na ce ya mayar, ya gaya wa mai aiken cewa gidan nan ya gaji da manyan kaya.

Na je kamfanin da ƙafata. Mota biyu na shiga, na sauka na taka har bakin wani ƙaton get mai launin toka. Ta cikin wayar shinge ina hango tankunan suna ƙyalli a rana. Na ce wa maigadi ina son ganin shugaban wurin. Ya ce, "Mama, ina katinki?" Na ce ba ni da kati, ina da magana. Ya ce ba a shiga da magana. Ya ba ni kujera a inuwa, ya ba ni ruwa, Allah ya saka masa, amma bai buɗe ba. Ina zaune motar Dogo ta fito. Ya gan ni. Na ga ya gan ni, don gilashin da yake a buɗe ya ɗaga shi.

Yanzu an aiko wa Auta. Ranar Litinin za ta tsaya gaban manyan kamfanin ta maimaita abin da ta faɗa a waya. Wata abokiyar aikinta ta kira ni a ɓoye ta ce in ta maimaita shi ke nan, ba nan kaɗai ba, babu inda za a sake barin ta taɓa abin da mutane za su ci. Ga ta can a falo yanzu da nake wannan magana, ta shimfiɗa bargo a ƙasa tana goge farar rigar aikinta. Hannun rigar ɗaya take ta bi tun ɗazu, har ya fara ƙauri, ba ta sani ba.

Dogo, na san za ka ga wannan, ƙannenka mata ba sa wuce shafin nan. Ban ce ka dawo min da mijina ba. Ban ce a ɗaure ka ba, kuma ko sisinka ba na so. Ka yi wauta don kada a ce ka kawo abu kaɗan, wannan tsakaninka da Allah ne, shi marigayin ma da zai tashi na san dariya zai yi ya yafe maka. Amma wadda take raye ba zan bar maka ita ka binne ba.

Ranar Litinin zan riga kowa zuwa bakin get ɗin nan, in zauna a kujerar maigadi. Ni ba za a bar ni in shiga ba. Kai za a bar ka. Ka riga ta shiga ɗakin, ka tsaya da tsawonka, ka ce, "Ba ta ce in ɗiba ba, ni na ɗiba." In ka fito ka biyo ta gidan gwaggonta ka faɗa, ka je wa Baffanta ka faɗa. Sannan ka zo ka same ni, ka cire baƙin gilashin nan, ka gaya min me 'yata ta yi maka banda so.